Diski Ukun Kawu

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, zaure bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin lungu. Mu mata muna cikin gida, amma katangar zauren ba ta ɓoye magana, duk abin da maza suka faɗa yana iso mu. Wani dattijo da suka yi aiki tare a tashar kuran, wato wutar lantarki, ta Anu Araren ya taso tun daga Cirozerin a bayan kamyo, babbar motar kaya, ya zauna, ba abin da yake iya cewa sai, “Mutumin kirki ne, amma akwai taurin kai.” Ya faɗa ya fi sau biyar. Maƙerin azurfan da ke maƙwabtaka da mu ya ce Kawu bai taɓa gyara masa injin goge zobe ba sai ya haɗa masa da faɗa, yau kuma faɗan yake nema ya rasa. Matar Kawu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk wadda ta durƙusa ta yi mata gaisuwa sai ta amsa, ta ƙara da cewa, “Bai sha shayinsa na uku ba.” Haka ne kuwa, bayan la'asar abin ya same shi, finjali na biyu yana hannunsa.

Da rana ta yi sanyi wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda. Duk unguwa Iya muke ce mata, mijinta madugun ayarin gishiri ne, ya daɗe da rasuwa. Ta yi ta'aziyya yadda ake yi, sannan ta matso kusa da ni ta kama hannuna.

“Ɗiyata, to yanzu wa zai kunna mini mai gidan ran Juma'a?”

Wasu mata suka harare ta, wai ana makoki ita tana zancen kunne-kunne. Ni na san abin da take nufi. Na ce, “Ni zan kunna miki, Iya. Suna nan, babu abin da zai same su.” Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don haka Kawu yake faɗa kullum, ni kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Wannan alkawarin ne ya sa nake rubutun nan, don ban cika shi ba kuma ba zan iya cika shi ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, Inna. Tun yana saurayi yake yawo da rediyo mai kaset a rataye, yana ɗaukar muryoyin mutane. Ba mawaƙan da ake ji a gidan rediyo ba, a'a, mutanen tsohon garin Agadas: madugai suna lissafa rijiyoyin hanyar Kawar, maƙera suna faɗin sunan kowane zane, tsofaffin mata suna waƙoƙin lalle da na daka. Dangi suna yi masa dariya, suna cewa wasu na tara awaki shi yana tara surutu. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, ya tarar zafin garin nan ya fara cin kaset ɗin, zaren yana mannewa, wani da an kunna sai ya tsinke. Sai ya sayi tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ya koya wa kansa, da furfurarsa da komai, ya shiga kwashe muryoyin ɗaya bayan ɗaya. A farkon kowace murya yana sa tasa, ya faɗi wane ne zai yi magana da unguwarsa da sana'arsa, da irin muryar nan tasa ta mai sanarwa wadda muke kwaikwayo a bayan idonsa.

Da farko diski ɗaya yake zuba komai a ciki, wato ƙarfen nan mai kamar ɗan littafi da ordinatar take ajiya a cikinsa. Wata safiya ya kunna sai ya ji yana ƙas-ƙas, daga nan bai sake tashi ba. Aikin shekara guda ya tafi, har da muryar kakanmu, mahaifinsu shi da Inna, wadda kaset ɗinta ya tsinke tun ranar da aka kwashe ta. Kwana biyu Kawu bai ci abinci ba. Ba diskin ya zaga ba, kansa ya zaga.

“Ni da na yi rayuwata a tasha,” yake ta cewa. “A tasha ba a barin pompo ɗaya, ko sabo ne. Kowane inji da ɗan'uwansa a gefe yana jira. Na san wanga tun ba a haife ki ba, amma na ɗauki Baba na sa shi wuri ɗaya.”

Daga nan ya aika Yamai aka kawo masa wani baƙin akwati mai aljihu uku, kowane aljihu da diskinsa, kowane diski da 'yar fitilarsa. Mako guda ya yi yana haɗa su, da tabarau a kan hanci da takardu cikin Faransanci a baje a tabarma, ba mai ikon yi masa sallama. Da ya gama ya kira ni, don ni ce malamar lakwal, wato makarantar boko, a ganinsa ni ce zan gane. Ya kife finjali uku, ya ɗebo ƙwallayen dabino. Ƙarƙashin na farko ya sa uku, ƙarƙashin na biyu ya sa huɗu, ƙarƙashin na ukun ya sa bakwai.

“Madam, ɗauke wanda kika ga dama ki ɓoye.”

Na ɗauke na biyun. Ya buɗe sauran, ya ce, “Uku nan, bakwai can. Huɗu kika sata.” Na ɗauke na ukun, ya ce bakwai. Yana faɗa yana dariya, haƙoransa na goro duk a waje.

“Haka nan suke aiki. Kowace murya ana gutsuttsura ta a raba musu, kowa ya riƙe nasa ya kuma riƙe shaidar na 'yan'uwansa. In ɗaya ya mutu, biyun za su tuno abin da ke cikinsa, a sa sabo su koya masa. Amma ki ji da kyau. In biyu suka tafi, na ukun ba shi da amfani, ko lafiyarsa lau. In na nuna miki bakwai kaɗai, mi za ki ce? Uku da huɗu ne, ko biyar da biyu?”

Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma diskin bai sani ba. Sannan, don burga, ya kunna muryar wani maƙeri, tana cikin magana ya zare diski ɗaya ya ɗaga mini shi sama. Maƙerin bai ko yi tari ba, ya ci gaba da bayaninsa. Ranar na ga Kawu yana taka rawa, shi da ko a biki ba ya gyaɗa kai.

Tun daga lokacin akwatin ya zama ɗan gida. Da safe in ya dawo daga masallaci, kafin ya gaida kowa sai ya leƙa ya ga fitilun nan uku duk kore ne, har yakan ce musu, “An tashi lafiya?” Da bazara bantilatar, wato fanka, ɗaya ce a gidan, akwatin yake juya wa ita, shi da matarsa suna fifita da mafici. Takan ce, “Mu da muke da rai muna gumi, ƙarfe na shan iska.” Ya ce mata ita in ta ji zafi tana iya shan ruwa. Sau ɗaya fitila ɗaya ta koma ja. Bai firgita ba, ya ciro sabon diski da ya ajiye a ƙasan akwatin tufafinsa, ya sa, ya zauna yini guda yana gadi har biyun suka gama koya wa sabon. Ranar ya hana kowa jona ko da abin guga, kada kuran ya motsa. Da fitilar ta koma kore sai ya sa aka dama fura aka raba wa maƙwabta.

Mutum ne mai faɗa, ba zan ɓoye ba. In ka taɓa masa waya ko ka ajiye kwanon ruwa kusa da akwatin, ranar ka shiga uku. Amma ran Juma'a bayan an sauko masallaci, in Iya ta ƙwanƙwasa da sandarta, sai ka rantse wani mutum aka canjo. Shi da kansa yake share mata kujera, ya nemo muryar mijinta, ya kunna, ya fito ya ja ƙofa. Ba ya tsayawa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce mace da mijinta suna hira, mi ya kai shi ciki? Daga tsakar gida mukan ji madugun yana ba da labarin shekarar da raƙuma suka ɓata a hanyar Segedin, in ya zo wani wuri sai mu ji Iya ta katse shi, “Ƙarya kake, ba haka aka yi ba!” Kowace Juma'a a wuri ɗaya take kama shi. Tana fitowa idonta jajir, Kawu ya miƙa mata shayi.

Faɗanmu da shi a kan Inna ne. Tana budurwa ita ce mai ba da waƙa in ana lalle a unguwarmu, Kawu ya ɗauke ta sau ɗaya tak. Da ta manyanta ta yi aikin hajji sai ta riƙa jin nauyin abin, ta sa shi ya yi mata alkawari cewa muryarta ba za ta yi yawo a wayoyin mutane ba. Bayan ta rasu na je na same shi, na ce ya sa mini a salulata, wayata ta hannu, ni kaɗai zan riƙa ji.

“A'a.”

“Kawu, uwata ce fa.”

“Ƙanwata ce kafin ta zama uwarki. Amana ta ba ni. Yau tana salularki, gobe ɗiyarki ta tura wa ƙawarta, jibi ana jin ta a tashar mota.”

Kaina ya ɗau zafi. Na ce masa ya mayar da matattu kayansa, ya kulle su a akwati yana jin daɗin ana zuwa roƙonsa. Maganar ta yi masa ciwo, na gani a fuskarsa, ban kuma janye ba. Wata uku ban taka gidan ba. Shi ne babba, amma shi ya zo, da tsakar rana, ya tsaya a ƙofar lakwal ɗinmu da rawaninsa har aka tashi yara. Bai yi zancen faɗan ba. Cewa kawai ya yi, “Alhamis ɗakin ba kowa. Ki zo ki ji ta har ki gaji.”

Na je. Ya kunna, ya fita ya ja ƙofa kamar yadda yake yi wa Iya. Na ji Kawu yana saurayi yana sanarwa, sai ga Inna, muryarta siririya, wadda ban taɓa saninta da ita ba, mata suna amsa mata da tafi. Tana cikin waƙar dariya ta ƙwace mata, ta ce, “Kai Yaya, kashe abin nan!” Na yi kuka har na gode Allah. Da na fito ya ce in zauna ya koya mini yadda ake kula da akwatin, yadda ake gane wanda ya gaji, yadda ake sa sabo. Na ce sai an yi hutun lakwal. Ya ce to, amma in riƙe abu ɗaya ko na manta da komai: kada a raba su. Hutu ya zo ya wuce har sau uku. Alhamis ɗin ma ban cika zuwa ba, ga aiki ga yara, kuma hankalina kwance yake, ai suna nan, babu abin da zai same su.

'Ya'yan Kawu maza biyu ne, dukansu taubasaina, mun tashi muna tsokanar juna. Babban cikinsu direba ne a hanyar arewa, ƙaramin yana lambu a Iferwan. Ran sadakar bakwai, da yake dukansu za su koma bakin aikinsu, ƙanen Kawu ya tara su a ɗakin marigayin ya ce ƙananan kaya kowa ya ɗauki abin tunawa, manyan sai an zauna da malamai. Aka raba carbi da tabarau da rawuna. Da aka zo kan akwatin sai ƙanen Kawu ya ja aljihunan, ya ga ƙarafa uku iri ɗaya sak, ya ji daɗi, don ba abin da ya fi wannan sauƙin rabo. Ɗaya na babba, ɗaya na ƙarami, ɗaya a bar wa uwarsu a cikin akwatin. Shi a ganinsa adalci ya yi, kowane ɗaki ya samu rabonsa na muryoyin.

Ina tsakar gida ina wanke kwanoni na ga babban ya fito da nasa a naɗe cikin hankicin Kawu. Na gane shi sarai. 'Yar ƙanwa ba ta da gado a gidan kawunta, kowa ya san haka, ga tsakar gida cike da dangi. In na miƙe na ce a ajiye, kafin magariba an ce ɗiyar wance tun ƙasa ba ta bushe ba ta sa ido a kayan mamaci. Na ce a raina bari a yi arba'in, in bi su ɗaya-ɗaya cikin mutunci in yi musu bayani, ai ƙarfe ne, ba ruɓewa zai yi ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da wanke-wankena.

Bayan arba'in na kira babban, na same shi ya tsaya a Segedin. Da ya ji muryata sai ya fara tsokana yadda ya saba, na ce ba wasa ya sa na kira ba, diskin Kawu nake tambaya.

“Ke madam, ai wofi ne! Na kai wa mai saka fim a tashar mota, ya jona, ordinatar ta ce ba ta ga komai ba sai an yi formate, wato a share shi tas. Na ce ya yi. Yanzu cike yake da fim har wuya, walla yana ɗebe mana kewa a hanya. Wanda tsohon nan bai sa komai a ciki ba aka ba ni.”

Na kashe wayar, na zauna a bakin gado. Sai na tuna finjalan, na ce ai ɗaya ne ya tafi, biyu sun isa. Wayar ƙaramin ba ta shiga, don haka ran Asabar na shiga motar Iferwan. Duk tsawon hanyar nan mai duwatsu addu'a ɗaya nake maimaitawa.

Na same shi a lambu yana ba albasa ruwa. Ya yi murna, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa, ya ce yau baƙuwar birni ta tuna da talakawa. Ban kai ga tambaya ba wani abu ya haske mini ido. A reshen rumman, a ƙarshen zare, wasu faya-fayai ne guda biyu masu ƙyalli kamar madubi suna juyawa cikin iska.

“Na Baba ne,” ya ce, da ya ga inda nake kallo. “Mushe, malamin lakwal ɗinmu, ya jona shi, bai nuna komai ba, ya ce ya lalace. Na ce ba zan yar da kayan Baba ba. Na kwance shi na ga waɗannan a ciki. Yaya, tun da na rataye su tsuntsu bai sake sauka ba. Kin ga Baba yana yi mini gadin lambu.”

Yana faɗa idonsa yana kawo ruwa, don shi a wurinsa girmamawa ce. Na taɓa ɗaya, duk ya karce, ga kashin tsuntsu a gefensa. Na ce Allah Ya ji ƙan Kawu, ya ce amin, ya cika mini buhu da rumman na dawo da shi.

Na samu lambar wani masanin ordinatar a Yamai na zayyana masa komai. Ya tambaya ko bayan formate an zuba wani abu a kai, na ce an cika shi. Ya tambaya ko na biyun an buɗe shi, na ce yana rataye a bishiya. Sai ya ce, “Madame, c'est fini, abin ya ƙare. Ki yi haƙuri.” Na koma ga buhun tsofaffin kaset da ke bayan ƙofa, na tarar duk sun narke sun manne, na Inna ko juyawa ba ya yi.

Wani lokaci haushin Kawu nake ji, ko da yake ba kyau a ji haushin mamaci. Ya yi wa kowane diski 'yan'uwa biyu saboda ranar mutuwarsa, amma sanin yadda suke aiki ya bar shi a kansa shi kaɗai, bai rubuta ko layi ɗaya ya manna a jikin akwatin ba. Sai in tuna ya nemi ya zuba sanin a kaina, ni na ce sai hutu. Ya ba ni magana ɗaya tak in riƙe, na riƙe ta kuwa, tana bakina lokacin da ake fita da diskin, kunyar dangi ta hana ni furta ta. Ba mai saka fim ba ne, ba mushe ba ne, ba ƙanen Kawu ba ne. Madugai da maƙera da matan lalle, da Kawu kansa da yake sanarwa a gaban kowannensu, ni na tsaya ina wanke kwano aka wuce da su. Allah Ya gafarta maka Kawu, Ya sa abin da ka tsare tsawon ranka ya tsaya maka a can, tun da a nan mun kasa tsare maka shi kwana arba'in.

Juma'ar da ta biyo baya Iya ta ƙwanƙwasa da sandarta, zuwanta na farko ke nan tun makoki. Matar Kawu tana takaba a ɗaki, ni na buɗe. Na share mata kujera, na durƙusa na gaya mata gaskiya, ban rage komai ba. Ban san iya abin da ta gane ba. Ta nuna akwatin, inda fitila ɗaya take kore, aljihu biyu a wangame.

“Wancan da ya saura, mai gidan yana ciki?”

“Wani abu nasa yana ciki, Iya. Amma ba ya kunnuwa.”

“Miƙo mini shi.”

Na kashe akwatin na zaro diskin, da sauran ɗuminsa, na ɗora mata a cinya. Ta dafa shi da hannu biyu ta ce in ba ta wuri. Na fito na ja ƙofa. Ɗakin tsit, ba abin da ake ji sai kurciya a kan katanga. An ɗan jima, daidai inda ta saba kama shi, sai na ji muryarta, “Ƙarya kake, ba haka aka yi ba!”

Ita ta zo kowace Juma'a, ta haddace nata. Ni na tsaya a tsakar gida na rufe ido ina neman Inna, ina son in tuna ko kafin mata su amsa take yin dariyar nan ko bayan sun amsa. Har Iya ta fito ban samo ba.